Macijin masara a gidan Yayana

 Kun saba jina a rediyo muna zancen farashin hatsi, da taki, da ɗaukewar kuran. Yau ku yi haƙuri da ni, zancen maciji na kawo muku. Ba na gona ba, ba kuma na gindin rumbu ba. Maciji ne da aka sa kuɗi aka saya, aka kai shi ɗakin kwana, ana ba shi abinci ana canza masa ruwa. Na san tun daga nan wasu sun fara a'uziyya. To ku dakata ku ji, don wanga ɗan maciji da tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba ya kusa shiga tsakanin uba da ɗansa, kuma uban Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya yana zaune a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Duk mai ɗan uwa a can ya san sunan garin, saboda ƴan Nijar na da yawa a cikinsa. Shekararsa 16 can, yana aikin dare a wani kamfani. Ɗansa na fari shekararsa 13, kuma can aka haife shi. Sunan mahaifinmu aka sa masa, shi ya sa ba na kama sunan, Babana nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tonton. Yaro ne mai shiru-shiru, abokansa ba su da yawa. Hausarsa irin ta ɗiyan can ce, yana ji sarai, amma in zai mayar sai ya yi ta laluben kalma.

Lokacin bakansi ya yi ta yanke wa maƙwabta ciyawar ƙofar gida suna biyansa, har ya tara ƴan kuɗinsa. A watan Satumba ya matsa wa uwarsa ta raka shi wurin wani mai kiwon macizai, ya sayi jinjiri guda a kan dalar Amurka 50, wajen jaka 30 kenan na kuɗinmu. Uwar ta ce ta yarda ne don tunda ta haife shi ba ta taɓa ganin ya nace wa wani abu haka ba. Yaya ya dawo daga aiki da asuba ya iske akwatin gilashi a ɗakin yaro.

Kafin sati ya zagayo macijin ya ciji yaron sau 9. Cizon kansa ba wani abu ba ne, kamar ƙaya ta karce ka, ɗigon jini biyu ko uku shi kenan. Amma ranar da Yaya ya ga jini a yatsan ɗansa, sai ya fita ya samo sanda ya jingine ta bayan ƙofar ɗakin. Ya ce ya ba da wata 2. In abin nan bai bar cizo ba, ko dai a mayar da shi inda aka sayo shi, ko kuma shi ya san abin da zai yi da shi. Daga ranar yaro ya bar cin abinci tare da su. Gaisuwar safe ma sai uwarsa ta tura shi.

Kar ku yi saurin ganin laifin Yaya. Yana da shekara 14 kububuwa ta sari ƙanen mahaifinmu a gona, lokacin girbi, a wani ƙauye na yankin Madarunfa. Ni ina ƙarami sosai, labari na ji. Yaya kuwa shi ne ya riƙe kansa a kan amalanke. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, sai mutum ya dinga zubar da jini ta dasashi, ta tsohon miki, har ta cikin jiki inda ido ba ya gani. An kwana 2 ana maganin gida kafin a kama hanyar likita, kuma ba a dawo da shi da rai ba. Tun daga nan ko igiya Yaya ya gani yashe a ƙasa da dare sai ya haska ta da tocila. Hausawa sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Shi ba a sare shi ba, amma abin ya zauna masa.

Ya kira ni ta WhatsApp wani dare bayan na sauka daga aiki. Ya ce: "Kai da kake magana da mutane kullum suna jinka, yi wa ɗanka magana ya rabu da igiyar ƙasan nan." Ko sunan abin ba ya son kamawa. Na ce: "Yaya, ka ba ni kwana biyu in san ko wane irin maciji ne tukun." Ilimina a kan macizai bai wuce abin da mushenmu na SVT ya koya mana a lise ba, sai kuma abin da kowane ɗan ƙauye ya sani. Na zauna na yi ta karatu da Faransanci, yaron kuma yana karanta nasa da Ingilishi, duk ranar Lahadi mu haɗu mu gwama. Ƙarfe 9 na dare a nan, ƙarfe 4 na yamma a can.

Ga abin da na samu. Amurkawa suna ce masa macijin masara, Faransawa kuma serpent des blés, wato macijin alkama. Asalinsa ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, Florida da Jojiya da Karolina da kewayensu. Kenan a jihar da Yaya yake, macijin ya fi shi zama ɗan ƙasa. Sunan kuwa wasu sun ce daga rumbunan masara ya samo shi, inda manoma ke yawan ganinsa yana farautar kusu, wasu kuma sun ce zanen cikinsa ne, baƙi da fari, ya yi kama da ƙwayar masara mai roɗi-roɗi. Jikinsa ruwan lemu ne da manyan ɗigo ja masu baƙin baki. Ba shi da dafi ko kaɗan. Kamar mesa yake kashe abincinsa, ya nannaɗe shi ya matse. In ya girma yakan kai mita 1 zuwa mita 1 da rabi, kuma a hannun mai kula yana iya wuce shekara 20. Saboda sanyin halinsa ne ya zama cikin macizan da aka fi kiwo a Amurka da Turai.

To in mai sanyin hali ne, mi ya kawo cizon? Nan ne na fara gane zancen. Jinjirin macijin masara tsawonsa santimita 30 ne ko kusa da haka, kaurinsa bai fi na bik ba. A daji kusan komi yana iya cinye shi: shaho, mujiya, kyanwa, har wasu macizai ƴan uwansa. Ba shi da uwa mai tsaronsa, don uwar tana saka ƙwai ta tafi abinta. Tun ranar da ya fasa ƙwai shi kaɗai ne. Duk abin da ya sauko masa daga sama da sauri, a wurinsa shaho ne. Hannun yaro kuwa daga sama yake saukowa, da yatsu biyar a buɗe. Ku sa kanku a matsayin abin da bai kai nauyin ƴan kwabbai ba, ku ga hannu ya fi ku girma sau ɗari yana nufo ku. Ba ƙafar gudu, ba dafi, ba ƙaho. Abin da ya rage masa shi ne ya lanƙwasa wuya, ya karkaɗa wutsiya a cikin ganye don ta yi ƙara, ya kai sara, ko kuma ya saki wani ruwa mai wari a hannun wanda ya kama shi.

Masu kiwo sun raba cizon gida biyu. Akwai na tsoro, wanda maciji zai kai sara ya saki nan take ya ja da baya. Akwai na yunwa, wanda zai kama ya riƙe, har ya fara nannaɗe yatsa, don ya ji ƙanshin kusu ya ɗauka abinci ne. Na tambayi yaron wane iri ake yi masa. Ya ce duka 9 ɗin sara ne da saki. Na ce to faɗa mini yadda ka yi da shi tun ranar farko. Ashe ranar da aka kawo shi sau 5 ya fito da shi don murna. Akwatin yana tsakiyar ɗaki, gilashi ta ko'ina, maɓoya guda ɗaya tak a ciki. In zai ɗauke shi daga sama yake cafko shi. In an cije shi ya yarfe hannu ya mayar da shi ya rufe. Wato ba tare da ya sani ba, kullum yana koya wa macijin darasi guda: in ka ciji hannun nan, zai sake ka.

Muka tsara abin da za a yi. Mataki na farko shi ne wanda ya fi yi wa yaro ciwo: a ƙyale shi. Kwana 10 ba taɓawa, sai canza ruwa. Aka mayar da akwatin lungu, aka rufe gefe uku da kwali, aka sa maɓoya biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi, ɗaya a ɓangaren sanyi. Maciji jikinsa ba ya yin zafi da kansa, irin na ƙadangare ne da kuke gani a jikin katanga da safiyar hunturu yana shan hantsi. Don haka gefe guda na akwatin ake ɗumamawa zuwa digiri 29 ko 30, ɗayan a bar shi wajen 23 ko 24, shi ya zaɓi inda yake so. In maɓoya ɗaya ce, dole ya zaɓi tsakanin ɗumi da ɓuya, kuma macijin da bai samu wurin ɓuya ba kullum a firgice yake. Muka ce ba za a koma ɗaukarsa ba sai ya ci abinci sau 2 a jere. Abincinsa jinjirin kusu ne da ake sayarwa a daskare, a ajiye a firigo, a narkar da shi a ruwan ɗumi, a miƙa masa da hantsaki kowane kwana 5 zuwa 7. Zancen kusu a firigo kam sai da uwar gida ta sa aka sayo wani ƙaramin firigo daban, kuma ban ga laifinta ba.

Na ce masa ya samo kaye ya dinga rubutawa: kwanan wata, minti nawa, cizo nawa. Dabi'ar aikinmu ce, abin da ba a rubuta ba gardama ake yi a kansa. Na san ranar hukunci za ta zo, kuma Yaya mutum ne da ya fi yarda da abin da ya gani a takarda.

A sati na uku aka fara. Da farko ya wanke hannu da sabulu, ya sa tafin hannun a ƙasan akwatin ya bar shi nan, ba motsi, minti 2 ko 3. Macijin ya leƙo, ya yi ta fito da harshe. Da harshen nan yake sansana duniya: yana kwaso ƙanshi daga iska ya kai wasu ƴan ramuka biyu a saman bakinsa. Kunne na waje ba shi da shi, motsin ƙasa da na abin da yake kwance a kai ya fi ji. Bayan kwana uku ana haka, sai ɗauka. Daga gefe ake zuwa masa, a zura yatsu ƙarƙashin tsakiyar jiki a ɗago, ba a kama kai, ba a kama wutsiya, ba a matsewa. Kuma ba a tsayawa ana jan hannu ana mayarwa, don wannan shawagin ne ke sa shi shirin sara. A zauna a ƙasa, a bar shi ya dinga ratsa yatsu daga wannan hannu zuwa wancan. Minti 5, sau 2 ko 3 a sati, ba ƙari.

Abin da ya fi wuya shi ne dokar cizo. In ya ciza, kar a yarfe hannu, don haƙoransa ƙanana ne masu lanƙwasa zuwa baya, fizga tana iya karya su ko ta ji masa ciwo a baki, ita ce ma ke ƙara yage fatar mutum. Kuma kar a mayar da shi akwati a take. A ci gaba da riƙe shi har ya huce, minti ɗaya ko biyu, sannan a ajiye shi a hankali. Faɗa da baki sauƙi gare shi. Jikin ɗan Adam da kansa yake zabura in maciji ya kawo sara, ko da kwakwalwa ta san ba dafi. Satin farko yaron ya sa safar hannu mai laushi. Cizon bai kai a yi masa safa ba, amma ita ta sa hannunsa ya bar rawa. Ina kallonsa ta waya ranar da macijin ya kai masa sara sau 2, ya runtse ido, bai motsa ba. Da ya buɗe ido sai ya ce: "Tonton, ban gudu ba."

Kaye ya fara nuna sauƙi. Cizo 2, cizo 1, babu, babu, babu. Aka yi kwana 12 lafiya lau. Sai ranar wata Laraba ya turo mini saƙo cikin kuka, wai an cije shi sau 3 a zama guda, kuma a gaban babansa. Yaya ya ce: "Ka gani ko? Maciji maciji ne." Na ce ya ɗauko mini hoton kan macijin kusa-kusa. Idanun sun yi fari-fari da shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga musu madara, launin jikin ya dushe. Saɓa ce ke tafe. Maciji ba shi da fatar ido da yake ƙiftawa, wani ɓawo ne mai haske ya rufe idon, kuma shi ma tare da sauran fatar ake saɓe shi. A ƴan kwanakin nan ba ya gani sosai, sai tsoronsa ya ƙaru. Jinjiri kuwa da yake girma yake yi da sauri, duk bayan ƴan makonni sai ya yi saɓa. Na ce wa Yaya ya ba mu kwana 10, in fata ba ta fita ba ya ce ban san abin da nake faɗa ba. A kwana na 6 yaro ya iske saɓar a miƙe cikin akwati, cikakkiya tun daga hanci har wutsiya. Ya manna ta a kayensa da salatif.

Daga nan ya rubuta ranakun da ba a taɓa maciji a bangon kayen da babban baƙi. In idonsa ya yi fari, a bari sai ya saɓe. In ya ci abinci, a bari awa 48, don ɗaukarsa da cikakken ciki yana sa shi ya amayar, kuma aman yana raunana jinjiri ƙwarai. In ka taɓa kusu, sai ka wanke hannu. Bayan an gama ɗaukarsa ma a wanke hannu da sabulu, saboda macizai da ƙadangaru da kunkuru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Hukumomin lafiya na Amurka suna gargaɗin kar yaran da ba su kai shekara 5 ba su taɓa irin waɗannan dabbobi. Ƙanwarsa shekararta 4, don haka ita kallo ne nata, daga bakin ƙofa.

Ana cikin haka na tambayi Yaya ko ya taɓa ba yaron labarin baffanmu. Ya yi shiru, ya ce a'a, mi zai gane a ciki. Na ce: "Yaya, shi fa gani yake ƙiyayya ce kawai kake yi wa abin da yake so. Bai san inda sandar nan ta fito ba." Bai amsa mini ba. Bayan kwana biyu matarsa ta gaya mini wai ya zaunar da yaron a mota, a bakin makaranta, ya ba shi labarin tun daga gona har amalanke. Yaron bai ce komi ba a lokacin. Da dare ya kawo wa uban hotuna biyu a waya. Ɗaya macijin masara, ɗaya wani maciji mai dafi da ke yankinsu, wanda Amurkawa ke kira mai kan tagulla. Mutane suna yawan rikita su, har su kashe na masara a banza. Ya nuna masa bambancin: mai dafin ya fi kauri, kansa ya fi faɗi, zanen bayansa tsukakke ne a tsakiya mai faɗi a gefe kamar kalangu. Ya ce: "Baba, wannan ne za ka kiyaya in kana gyaran bayan gida." Yaya ya ce mini ya daɗe yana kallon hotunan. Shekara 16 yana garin, ba wanda ya taɓa nuna masa.

Ran nan na tambayi yaron ko yanzu macijin ya san shi. Ya yi ɗan tunani yana neman kalmomin Hausa, sannan ya ce: "Tonton, ba sona yake yi ba. Ya dai bar jin tsorona." Duk karatun da na yi ban samu wanda ya faɗe ta daidai haka ba. Maciji ba kare ba ne da zai taho da gudu yana kaɗa wutsiya, ba ɗan akuya ba ne da zai bi ka har kasuwa. Ko ka raɗa masa suna ba zai amsa ba. Abin da ake samu a wurinsa sabo ne: hannun nan ya zo sau 30, sau 40, bai cinye ni ba, ƙanshinsa kuma na san shi. Girma ma yana taimakawa, don yawancinsu suna rage cizo da kansu in sun yi ƙarfi sun bar zama abincin kowa. Mu da muka taso muna kallon gardawa a kasuwa suna rataya macizai a wuya, mun saba ɗauka duk wanda maciji ya ƙyale wani asiri gare shi. Zancen gardawa na bar wa masu shi. Abin da na gani da idona dai yaro ne ɗan shekara 13, da sabulu, da agogo, da kaye.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, musamman matasa. Duk abin da na faɗa a kan maciji marar dafi ne, wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, a ƙasar da aka san jinsinsa sarai. Kar wani ya karanta wanga rubutu ya je gona ya ce zai saba da abin da ya gani ƙarƙashin damin gero. Namu ba na wasa ba ne. Kububuwa ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce rabin mita, amma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankinmu na Afirka ta Yamma. Ga kasa mai kwanciya a hanya ba ta gudu, ga gamsheƙa mai feso dafi a ido. Su ma tsoro ne ke sa su sara, amma tsoron mai dafi kabari yake kai mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, kuma ƙiyasinta mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa da shi duk shekara a duniya, akasarinsu manoma da makiyaya da yara. In an sari mutum, kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau da igiya ko roba. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa likita a ranar, ba gobe ba. Kwana 2 ɗin nan da aka yi a gida da baffanmu, har yau Yaya yana lissafa su.

Wata 2 suka cika a tsakiyar Nuwamba. Yaro ya ajiye kayen a kan tabur inda uban ke shan shayi in ya dawo aiki. Sati 3 na ƙarshe ba cizo ko ɗaya. Yaya ya buɗe, ya duba shafi-shafi, ya rufe, ya ce a zuba masa shayi. Bai ce maciji ya zauna ba, bai kuma ce a fitar da shi ba, kuma duk wanda ya san iyayenmu maza ya san ma'anar wannan shirun. Har yau bai taɓa macijin ba, ya ce ba zai taɓa ba, kuma ba wanda ya matsa masa. Sandar ma tana nan bayan ƙofa. Amma cikin Janairu, wani dare mai tsananin sanyi, kuran ya ɗauke a unguwarsu yaro yana barci. Matarsa ta ce ta farka ta iske Yaya ya dafa ruwa a gaz, ya cika buta, ya naɗe ta da tawul ya jingina a jikin akwatin ta waje. Da ta tambaye shi sai ya ce shi dai ba ya son kukan yaro da safe.

Inna ce ta ƙarshe da ta ji labari, don duk mun ɓoye mata. Da aka haɗa ta da jikan nata a waya ta yi salati ta ce: "Angona, duk matan duniya ka rasa wadda za ka yi mini kishiya da ita sai igiyar ƙasa?" Ya yi dariya har da ƙwalla, ya kuma mayar mata da Hausa, wai kishiyar ba ta cin tuwo, ba ruwanta da rabon kwana. Inna ta ce in ya tashi zuwa bakansi ya bar ta can, ita gidanta ba masauki.

Macijin yanzu ya haura rabin mita. In ya yi tsawon rai irin na jinsinsa, yana nan har Babana ya kai shekarun da nake da su yau. Na gaya masa haka, na ce ya san abin da ya ɗauko, don abu mai rai ba a ajiye shi ranar da aka gaji da shi. Ya ce ya sani, ya ma sayi kaye na biyu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Masu zuwa gona a sa takalmi mai rufi, masu fita da dare a riƙe tocila. Ku huta lafiya.